Wakili a Bakin Zaure: Abin da Yake Tarewa da Abin da Yake Kuɓuce Masa a Manhajar Kwamfuta



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata ƙaramar ƙa'ida ta ilmin rubuta manhajar kwamfuta, wadda a ido ba ta taka kara ta karya ba, amma kuwa tana iya sa kuɗin mutum su fita daga asusunsa ba su isa inda aka tura su ba, ko kuwa ƙaramin ma'aikaci ya zartar da abin da babban jami'i kaɗai aka yarje wa. Ƙa'idar kuwa ita ce, dokar da aka rubuta a kan wani aiki a cikin manhaja ba ta yin tasiri sai in akwai mai tsaron da yake iya ganin wannan aikin lokacin da aka kira shi. In ba ya iya gani, to, dokar tana nan a rubuce, amma ba mai bin ta, ba kuma wanda zai sanar da kai ba a bi ta ba. A yau da albashi da fansho da kuɗin makaranta duk ta cikin na'ura suke bi, wannan magana ta shafi akawu da odita kamar yadda ta shafi ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Bari mu fara daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Misalaina zan ɗauko su daga harshen Java, watau harshen rubuta manhaja da kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar a 1995. A wannan harshe, akan gina manhaja ne sashe-sashe. Kowane sashe zan kira shi gida, domin yana da kayan da yake ajiyewa, yana kuma da ayyukan da yake yi wa wanda ya nema. Waɗannan ayyuka zan kira su hidimomi, alal misali, hidimar cire kuɗi, da hidimar zuba kuɗi, da hidimar duba abin da ya rage. Gidajen da aka tara wuri ɗaya ƙarƙashin suna ɗaya su ne unguwa. Daɗa gida yana iya samun magaji, watau wani gida da aka gina a kan tsarinsa, wanda ya gaji dukkan hidimominsa, kuma yana da ikon ya sauya yadda ake gudanar da wasu daga cikinsu.

Matakan shiga gida

Bahaushe bai gina gidansa kowa ya kutsa yadda ya ga dama ba. Akwai zaure, wanda mutanen Kano suka fi kira soro, inda baƙo ko na wace ƙasa ne zai yi sallama ya tsaya. Akwai shigifa, akwai tsakar gida, akwai kuma ƙuryar ɗaki, inda ko ɗan cikin mutum ba ya shiga sai da dalili. Haka Java ta kasa hidimomin gida mataki huɗu. Hidimar da marubuci ya sa wa kalmar public, ta zaure ce, kowa yana iya kiranta. Wadda ya sa wa protected, 'yan unguwa suna iya kiranta, haka kuma magadan gidan ko da a wata unguwa suke. Wadda bai sa wa kome ba, ta 'yan unguwa ce kaɗai. Wadda kuwa ya sa wa private, ta ƙurya ce, ba mai taɓa ta sai gidan da kansa, ko magaji ba shi da hannu a kanta.

Wannan ɓoyo ba rowa ba ce. Tun a 1972 wani masani, David Parnas, ya bayyana cewa ya kamata kowane sashe na manhaja ya ɓoye al'amuran cikinsa ga sauran sassa, domin in an tashi gyara ciki kada gyaran ya girgiza maƙwabta. Mai gida yana iya rushe ɗaki ya sake gini, muddin dai zaurensa yana inda yake, baƙi ba abin da ya dame su. Saboda haka duk malamin kirki yakan hori ɗalibansa da cewa, abin da ba dole ne a fitar da shi zaure ba, a bar shi a ƙurya. Ku riƙe wannan horo, domin nan gaba za mu ga inda ya yi karo da wata bukata.

Asalin wakili

Akwai wasu ɗawainiyoyi da kusan kowace hidima take bukata, amma ba su ne ainihin aikinta ba. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata tana da babban ofis a Gusau, da rassa a Tsafe da Bunguɗu. Wani ɗan ƙungiya na Tsafe yana so ya tura naira 50,000 ga wani na Bunguɗu. Aikin mataki biyu ne, a cire daga asusun wannan, a zuba a asusun wancan. To, in aka cire, kafin a zuba layi ya yanke fa? Dole ne a ɗaure matakan nan biyu su zama ƙulli ɗaya, ko dai a gama duka, ko kuwa a warware duka kowa ya koma inda yake. Wannan shi zan riƙa kira ƙullin ciniki. Ban da shi akwai binciken izni, watau a tabbatar mai kiran hidima yana da ikon kiranta, akwai kuma rubuta wanda ya yi kaza a lokaci kaza a littafin da odita zai duba.

In aka ce kowane marubuci ya cusa waɗannan ɗawainiyoyi cikin kowace hidima da hannunsa, aiki zai cakuɗe, kuma wata rana sai wani ya manta. Shi ya sa aka nemi dabarar ware su gefe guda. A 1994 marubuta huɗu, Gamma da Helm da Johnson da Vlissides, sun bayyana dabarar wakili a littafinsu na fasalin gina manhaja, watau a tsayar da wani abu a gaban wani, yana kama da shi, yana karɓar saƙo a madadinsa. A 1997 Gregor Kiczales da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Xerox PARC suka fito da tsarin rubuta irin waɗannan ɗawainiyoyi sau ɗaya a saƙa su ko'ina. Sa'an nan a 2004 aka fitar da Spring na farko, wanda ya samo asali daga wani littafi da Rod Johnson ya buga a 2002. Spring shimfiɗa ce, watau ginin da aka riga aka yi wa harsashi da ginshiƙai, marubuci ya zo ya ɗora ɗakunansa a kai, kuma har yau tana cikin shimfiɗun da aka fi amfani da su a duniyar Java.

Ga yadda Spring take yi. Marubuci zai buga wani hatimi a kan hidima, na ƙullin ciniki sunansa @Transactional. Lokacin da manhaja ta tashi aiki, Spring za ta duba gidaje, duk gidan da ta ga hatimi a cikinsa sai ta ƙirƙiro masa wakili nan take, ta tsayar da shi a bakin zaure. Daga nan duk wanda ya nemi wannan gida, wakilin za a haɗa shi da shi, shi kuwa bai sani ba. Wakili zai tare kira, ya buɗe ƙulli, ya miƙa saƙo ga mai gida, in aiki ya tafi daidai ya ƙulle, in ya ɓaci ya warware. Duk wanda ya taɓa zuwa fadar Sarkin Katsinan Gusau, ko ta 'Yandoton Tsafe, ko ta Sarkin Fulanin Bunguɗu, ya san ba a faɗa wa sarki kai tsaye, sai an yi wa mutum iso. Mai yin iso shi yake tambayar ko kai wane ne, da abin da ya kawo ka. Wakilin manhaja mai iso ne, illa dai shi ba ya gajiya, kuma ba ya sanin kowa.

Wakili iri biyu ne, kuma a nan ne maganar matakan shiga gida ta dawo.

Na farko yana cikin Java kanta tun daga fitowa ta 1.3 a shekarar 2000. Shi wannan ba ya duba gida, takardar alkawari yake dubawa, watau jerin hidimomin da gida ya sa hannu a kan zai yi wa jama'a. Abin da yake cikin takarda shi kaɗai ya sani. Hidimar da ba ta ciki, ko da ta zaure ce, ba zai iya karɓar saƙonta ba, balle ta unguwa ko ta ƙurya.

Na biyu kuwa, wanda ake ƙirƙira da wata dabara mai suna CGLIB, shi magaji ake ƙirƙira wa gidan a ɓoye. Wannan magaji sai ya ɗauki kowace hidima da ya gada ya sake ta, ya sa nasa binciken a gaba, sa'an nan ya miƙa wa ainihin gidan. Tun daga 2018, da aka fitar da Spring Boot 2.0, wannan irin wakili ne ake samu in marubuci bai zaɓi wani ba. To, tun da ta hanyar gado yake aiki, iyakarsa ita ce iyakar gado. Hidimar zaure yana iya sake ta. Ta magada ma haka. Ta unguwa yana iyawa in a unguwa ɗaya aka ajiye shi da gidan. Amma ta ƙurya ba ya iyawa ko ta halin ƙaƙa, domin harshen Java bai ba magaji ikon taɓa ta ba. Saboda haka hatimin da aka buga a kan hidimar ƙurya ado ne kawai.

Akwai kuma wata kalma, final, wadda in an sa wa hidima ana nufin an kulle ta, ba magajin da zai sake ta. Abin da yake faruwa da irin wannan hidima yana da ban mamaki. Baƙo ya zo ya kira ta, wakili bai iya tarewa ya miƙa ciki ba, sai ya zama shi da kansa yake gudanar da ita. Alhali kuwa wakili rigar mai gida kaɗai ya sa, aljihunsa wayam, ba shi da mabuɗin rumbun bayanai, ba shi da kome daga kayan da aka ba ainihin gidan. Da ya kai hannu ya ɗauko sai ya tarar babu, manhaja ta faɗi. Marubuci ya yi ta bincike yana rantsuwa shi ya ajiye kayan nan, kuma gaskiyarsa, ya ajiye, amma ba a jikin wanda aka tambaya ba. Wannan matsala ba ta Spring ba ce kaɗai. A harshen Kotlin, wanda ya fito a 2016, kowane gida a kulle yake sai in an ce a buɗe, har sai da aka yi wani ƙarin kayan aiki na musamman mai buɗe gidajen da Spring take bukata. A harshen C# na kamfanin Microsoft kuwa, wakilan Castle da ake ƙirƙira ta hanyar gado ba su tare hidima sai wadda aka rubuta a fili cewa magaji yana iya sake ta.

Saƙon cikin gida

Yanzu mun zo inda ya fi cin mutane, har da gwanaye. Wani zai ce, to, tun da ƙurya ce matsala, bari in fitar da hidimata zaure. Ya fitar, ya buga hatimi, amma har yanzu ƙulli bai ƙullu ba. Me ya faru?

Ma'aikata da ke nan za su riga ɗalibai ganewa. Takardar da ta zo daga waje, ta ofishin rajista take bi, a buga mata hatimi da kwanan wata, a shigar da ita littafi. Amma fayil ɗin da akawu ya miƙa wa abokinsa na teburin kusa da shi, hannu da hannu, wa ya shigar da shi? Ba kowa. Ba don fayil ɗin sirri ne ba, sai don bai bi ta ƙofa ba. Haka yake ga wakili. Shi a waje yake tsaye. Da zarar ya miƙa saƙo ciki, in wata hidima ta gidan ta kira 'yar'uwarta, kiran nan tsakar gida ya bi, bai fita ya sake shigowa ta zaure ba, wakili kuwa bai ji ba bai gani ba. Ɗan Adam mai tsaron ƙofa yana iya jiyo hayaniya daga ciki ya leƙa. Wannan ba ya leƙe.

Mu koma ga ƙungiyarmu. A ƙarshen shekara za a raba riba ga mutum 300. Marubuci ya yi hidima biyu a gida ɗaya. Ta farko, raba wa kowa, ba ta da hatimi, aikinta ta bi jerin sunaye. Ta biyu, biya mutum ɗaya, tana da hatimin ƙulli, ta cire daga asusun ƙungiya ta zuba a na mutum. A takarda kome daidai. Amma da yake ta farko ce take kiran ta biyu daga ciki, ba ƙullin da aka buɗe wa kowa. Mutum 170 suka samu lafiya lau, domin ba abin da ya katse. A kan na 171 aka cire, layi ya yanke, ba a zuba ba. Kuɗi sun bar asusun ƙungiya, ba su isa Bunguɗu ba, ba kuwa wanda zai warware. Wa za a fara tuhuma? Ma'aji.

A nan sai in yi wata gyara, kada a tafi da fahimta ta karkace. Ba cewa ake yi hidimar ƙurya ba ta samun kariya ba. In hidimar da baƙo ya fara kira tana da hatimi, wakili ya buɗe ƙulli tun daga ƙofa, to, duk abin da aka yi a ciki, na ƙurya da na tsakar gida, yana cikin wannan ƙulli. Abin da ba ya aiki shi ne hatimin da aka buga wa ta ciki ita kanta. Wannan bambanci yana da nauyi ga odita. Sau da yawa akan so rubutun littafin bincike ya zama da nasa ƙulli daban, domin ko an warware cinikin, shaidar cewa wane ya yi yunƙurin yin kaza ta tsaya. In aka kira hidimar rubutun daga cikin gida, ba za ta sami nata ƙulli ba, sai ta shiga na babbar hidima, ranar da aka warware ciniki a warware har da shaida. Haka kuma hatimin binciken izni. In an ce sai darakta ne zai amince da biyan kuɗi, amma akwai wata hidima a gidan da kowane akawu yake iya kira, ita kuma tana kiran ta amincewa daga ciki, to, an yi wa dokar ƙofar baya ba da niyya ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Me ya sa ba a yin gargaɗi? Manhajar da take juya rubutun marubuci zuwa abin da na'ura take ganewa, wadda zan kira tafinta, nahawu take dubawa. Hatimi a kan hidimar ƙurya kuwa bai saɓa wa nahawun Java ba. Mu masu nazarin harshe mun san jimla tana iya zama daidai ta kowace fuska ta nahawu, amma in ba mai sauraro ba ta aikata kome ba. Littafin jagora na Spring, kafin fitowa ta 6, ya faɗa a fili cewa in aka buga hatimin ƙulli a kan hidimar da ba ta zaure ba, ba za a nuna kuskure ba, kuma hatimin ba zai yi aiki ba. A ganina wannan shiru shi ne babban aibin tsarin. Gara manhaja ta ƙi tashi da safe kowa ya gani, da ta yi shekara biyu tana aiki kamar lafiya. Wasu kayan aiki na marubuta, irin su IntelliJ IDEA da SonarQube, suna ja wa mutum kunne a kan irin wannan, amma sai ga wanda ya kula da jan kunnen.

A watan Nuwamba na 2022 aka fitar da Spring 6.0, aka sassauta dokar. Daga wannan fitowa, in wakilin na gado ne, hatimin ƙulli yana aiki a kan hidimar magada da ta unguwa. Ta ƙurya dai tana nan yadda take, haka ma kiran cikin gida, domin waɗannan ba doka ce aka kafa ba balle a sassauta, yanayin wakilcin ne kansa. Sai dai wannan sauyi yana da nasa haɗari. Tsohuwar manhaja da take ɗauke da hatimai masu barci a kan hidimomin magada, ranar da aka ɗaga ta zuwa sabuwar fitowa hatiman za su farka, halinta ya sauya alhali ba wanda ya taɓa ko layi ɗaya na rubutunta.

Magani

Hanyoyin gyara sanannu ne, amma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai masu sa gida ya riƙe adireshin wakilinsa, in zai kira 'yar'uwar hidima ya fita ya zagayo ta zaure. Yana aiki, amma mai gida da yake neman iso a gidansa abin dariya ne, kuma wanda ya gaji rubutun ba zai gane dalili ba, wata rana sai ya share shi da sunan tsabtacewa. Akwai masu barin hatimi su rubuta buɗe ƙulli da rufe shi da hannunsu a daidai inda ake bukata, wannan kuwa ba laifi in wurin kaɗan ne. Akwai AspectJ, wanda ya fito a 2001 daga aikin su Kiczales, shi ba ya tsayar da wakili, saƙa binciken yake yi cikin jikin hidimar kanta, saboda haka kiran ciki ba ya kuɓuce masa, ko na ƙurya. Amma yana ƙara wa aikin gini nauyi, yana kuma bukatar ƙwarewar da ba kowane ofis yake da ita ba. Wadda na fi yarda da ita ita ce mafi sauƙi, a raba gida. A ɗauke hidimar biyan mutum ɗaya a kai ta gidanta daban, mai nasa wakili, ta yadda mai raba wa kowa dole ya yi sallama sau 300. Da haka ba a karya horon Parnas ba, abin da ya cancanci ƙurya yana ƙurya, iyaka dai an sa ƙofa a inda doka take bukatar ƙofa.

Ga ma'aikatan da ake kawo wa manhaja daga hannun ɗan kwangila su sa hannu sun karɓa, ba sai kun iya karanta Java ba. Nunin da ake yi muku a ɗakin taro, inda kome yake tafiya daidai, ba ya bayyana wannan irin ciwo, domin ƙulli ba a sanin yana nan sai ranar da aka bukaci warwarewa. Ku ce a fara biyan mutum 20 na gwaji, a katse layi a tsakiya da gangan, sa'an nan a haɗa lissafi a gani ko abin da ya fita ya yi daidai da abin da ya shiga. Ku ba ƙaramin akawu dama ya gwada kaiwa ga amincewar darakta ta kowace hanya da allonsa ya nuna masa, ba ta maɓallin amincewa kaɗai ba. Ku sa a yi cinikin da zai faɗi, ku buɗe littafin bincike ku ga ko sunan wanda ya yi yunƙurin yana nan. Kuma ku nemi a rubuta muku a takardar miƙa aiki wace fitowa ta shimfiɗa aka yi amfani da ita, da sharaɗin cewa duk ranar da aka ɗaga ta za a maimaita waɗannan gwaje-gwaje a gabanku.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.